Rufin Zauren Aina'u

Rumfar da Abdulrashid yake aikin kafinta a jikin katangar zauren mahaifinsa take, kuma aron wurin aka ba shi. Ranar da ya dawo daga Kano da zarto da guduma a cikin buhu, Malam Nababa bai tambaye shi abin da ya koyo ba. Ya nuna masa gefen katanga da sandarsa, ya ce ya kafa a nan, amma duk ranar da sana'ar tasa ta taɓa karatu, ranar zai kwashe. Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba. Ko benci ya tarar an gama, ko ƙyauren ɗakin amarya, kallo ɗaya zai yi ya wuce masallaci.

Abdulrashid ya san dalili, ba sai an faɗa masa ba. 'Ya'ya maza biyu ne da Malam. Babban, Yahya, shi ya sauke Alƙur'ani, shi kowa ya sa ran zai gaji buzun zaure. Ƙaramin ya bi boko har ƙarshen sakandare, sakamako bai yi kyau ba, ya ƙare a shagon wani kafinta a birni. Sai ga shi a daminar bara ciwon ciki ya ɗauke babban, aka bar wa Malam mai ƙusa a baki.

Yahya 'ya ɗaya ya bari, Aina'u, wadda ko firamare ba ta isa shiga ba. Uwarta Fadima ta gama takaba ta koma gidansu can wajen Minjibir, yarinyar ta zauna a hannun Inna, kakarta. A da, in Malam ya shigo gida zai ce ina amaryarsa, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai furfura a kunne. Tun da aka yi rasuwar wasan ya mutu. Shi bai ƙara kiranta amarya ba, ita ma ba ta ƙara neman kowa ba. Yara suna carafke a ƙofar gida, ita tana rumfar baffanta a kan wani kifaffen gwangwanin fenti, ta zuba wa zarto ido. Ba ta kuka, ba ta kuma cewa komai. Shi ma ba mai magana ba ne, sai suka dace.

Wata rana ya waiwayo ya ga ta jera guntayen katako, ta ɗora wani a kan wani, suna rushewa tana sake ɗorawa. Ya jiƙa ƙaro a murfin kwalba ya tura mata da ƙafa, ya nuna mata yadda ake shafawa a danne a jira. Ta danne, ta jira. Abin ya tsaya. Ta ɗago ta dube shi, shi kuma ya koma kan aikinsa kamar bai gani ba.

Kafin gero ya fitar da kai rumfar ta cika da yara. Sama'ilu ɗan maƙwabcinsu shi ya fara biyo ta, shi ne kuma babbansu, mai baki da son shugabanci. Sai Obed, jikan Dokas mai ƙosai, daga unguwar Kiristoci da ke bayan gonar gyaɗa. Sai wasu ƙanana da majina a hanci. Abdulrashid ya goge musu bakin guntayen da samfefa don kada sartse ya shige su, ya haɗa musu gajeren benci. Guduma kuwa ya hana. Mai son ƙusa ya kawo abinsa ya nuna da yatsa, shi zai buga. Suka gina rumbu, suka gina amalanke da a-daidaita-sahu, wani ya yi ƙarfen sabis dogo da ya fi shi tsawo. A cikinsu ne Aina'u ta fara magana, kuma da faɗa ta fara, a kan wani guntu mai kusurwa uku.

Guntayen nan da mai su tun kafin yara. Dokas ce take share rumfar kullum da la'asar sakaliya, ta kwashe ɓarɓashi da guntaye ta kai murhun ƙosanta, da safe kuma ta aiko masa da na karin kumallo a ganye. Da yara suka fara cinye mata makamashi ta yi mita, sai aka yi yarjejeniya: abin da yaro ya riga ya haɗa nasa ne, abin da tsintsiya ta samu a ƙasa na wuta ne. Takan tsaya da kwandonta a bakin rumfa tana ce musu su yi sauri, kaskonta ba ya jiran magina.

Malam ma ya kafa tasa dokar, amma ta bakin Inna ya aiko da ita: kada a siffanta abu mai rai. Yara suka ji, suka kuma samo hanyarsu. Obed ya haɗa akuya da ƙafafu da ƙaho har da gemu na zaren buhu, amma in Malam ya zo wucewa sai ya ɗora mata murfin kwalba a baya ya ce teburi ne. Malam bai taɓa tsayawa ya duba ba. Abdulrashid dai ya sani cewa rumfar a kan siririn zare take. In aka ce ya kwashe, shi zai iya komawa Kano. Aina'u ce ba ta da inda za ta koma sai kan gwangwanin fenti, kuma shi ma ba za ta same shi ba.

Da damina ta yi nisa zaure ya fara yoyo ta kusurwar gabas. Gara ta ci azara. Ba wanda ya sa shi, Abdulrashid ya hau ya canza itacen da ya ruɓe, ya kwashe tarkacen da suka shekara a tsakanin azara da bango, duk sun yi baƙi da ƙura da gidan zanzaro. Ya ɗura a buhu, ya juye a kan tarin guntayen yara. Bai duba ba. Hankalinsa yana kan ƙyauren Alhaji Abdulkabir da za a zo ɗauka ranar kasuwar Tsanyawa.

Washegari bayan azahar yana tsaka da ƙyauren ya ji ihu. Sama'ilu ne, riƙe da hannunsa, shatin haƙora a jiki. Ya ce Aina'u ce ta cije shi, kuma wallahi sai ya gaya wa Malam tana wasa da allo. Kafin a tare shi ya faɗa zaure a guje.

Abdulrashid ya ajiye zarto ya zo ya duba.

Aina'u ta gina ɗaki mai bango huɗu da ƙofa. Rufinsa kuwa rabin allo ne, wanda ya karye a tsakiya, gara ta ci gefe ɗaya. An goge masa ƙura. A jikinsa ga zayyana, irin adon da ake yi wa allon wanda ya sauke, ja da kore da ɗorawa, sun dushe amma suna nan, ga kuma sauran rubutu a tsakiya. Ya gane shi kafin ya gama sunkuyawa. Ya tuna ranar saukar, Yahya cikin babbar rigar aro da rawanin da ya yi masa yawa, yana riƙe da allon nan da hannu biyu, shi kuma yana gefe yana gadin farantin waina. Bai san Malam ya ajiye shi a saman azara ba. Shi Abdulrashid ne ya kwaso shi da hannunsa ya zubar a ƙasa, inda yara suke takawa.

Akwai lokaci. Malam ba ya tashi da sauri, sai ya nemi takalmi, ya nemi sanda. Zai iya zare allon ya cusa a bayan katakai, ya ce Sama'ilu bai gani da kyau ba. Ya miƙa hannu. Aina'u ta kifa a kan ginin, ta rungume shi da hannu biyu, ta ɗago ido ta dube shi. Irin kallon nan ne na ranar ƙaro, sai dai yau tambaya ce a ciki.

Ya janye hannunsa. Ya miƙe ya tsaya a bayanta.

Ƙananan yaran suka sulale. Obed ya ɗora wa akuyarsa murfin kwalba ya ja da baya. Dokas ta iso da tsintsiya da kwando, ta ga fuskoki, ta tsaya a bakin rumfa ba ta yi wasan da ta saba ba.

Malam ya fito, Sama'ilu yana biye yana jan hanci. Bai kalli yarinyar ba, ɗansa ya kalla. Ya tambaye shi ta yaya allo ya zo cikin shara.

"Ni na kwaso shi, Baba, ranar gyaran azara. Ban duba ba."

Malam ya ce ai ya gaya masa sharaɗi tun ranar farko. Abdulrashid ya ce haka ne. Bai ba da uzuri ba, don ba shi da shi. Malam ya ce to ya gama ƙyauren mutane, in an ɗauka ya san inda zai kai kayansa. Ya faɗa a hankali, yadda yake faɗar komai, sannan ya dogara da sanda ya tsuguna don ya ɗauki allon.

Aina'u ta matsa masa. Ko ita ta san Malam ba a hana shi.

Hannunsa yana kan allon ya tsaya. Ya ɗaga gefe ɗaya, ya ga ya taso ba tare da ya riƙe ba. Ya karkata shi ya duba bayan, ya bi da babban yatsa. Babu ramin ƙusa. Babu ƙaro. Bangon ɗakin duk a shafe yake da ƙaro har yana ɗiga, rufin kaɗai aka ɗora haka nan. Ya dubi ɗankwalin yarinyar, gefensa ya yi baƙi da ƙurar da ta goge.

Ya juya ga Sama'ilu ya ce ya faɗi abin da ya haɗa su. Sama'ilu ya fara da cizon, Malam ya ce ba cizon ya tambaya ba. Sai yaron ya sauke murya ya ce shi ya fara ganin katakon, yana so ya yi bayan babbar mota da shi, a buga masa tayoyi a yi lodin tsakuwa a matsayin buhunan gyaɗa. Ita kuma ta ƙwace. Da ya zo karɓa ta cije shi.

Malam ya dubi jikarsa. Wannan ne karo na farko tun bara da ya dube ta sosai.

"Me ya sa kika hana shi?"

"Ba a ɗora masa komai," in ji Aina'u. "Kai ka ce. Ba a kuma ajiye shi a ƙasa."

"Sai kika yi rufi da shi."

"Nan ne ya fi ko'ina sama."

Ba wanda ya koya mata wannan a rumfa. Ko allonta na kanta ba a yanka mata ba tukuna. Daga bakin ƙofa take jiyo Malam yana faɗa wa manyan yara, lokacin da kowa ya ɗauka ba ta jin komai. Abdulrashid ya rasa inda zai sa ido, sai ya sa shi a kan ƙyauren Alhaji.

Dokas ta gyara murya. Ta ce Malam ya yi haƙuri da tsoma bakinta, amma gara ta faɗa. Ta ce idonta ba na da ba ne, kuma yadda abin nan ya yi baƙi, da a ƙasa ta same shi da tuni yana cikin kwandon nan, gobe da asuba yana ƙarƙashin kasko, ba tare da ta san abin da ta ƙona ba. Ta ce yarinyar ce ta raba ta da wannan nauyin. Malam ya ce ba laifinta ko da hakan ta faru, Allah kuma ya tsare. Ta ce amin.

Ya ɗaga allon gaba ɗaya, cikin ɗakin ya bayyana. An jera ƙananan guntaye a jikin bango, kowanne a tsaye. A tsakiya ga wani karkataccen itace, an naɗa masa farin ƙyalle a sama. Malam ya tambaya ɗakin wa ne.

"Zaurenka ne. Waɗannan 'yan makaranta ne." Ta nuna mai ƙyallen. "Wannan kai ne."

Obed ya ƙara ja da baya. Sama'ilu ya buɗe baki zai tuna wa Malam dokar abu mai rai, Dokas ta zungure shi da gindin tsintsiya. Malam ya daɗe yana kallon itacen. Ya ce shi dai guntun maƙarfo yake gani, ba ido ba hanci, amma ya ga an bi shi da gaskiya wajen karkatar baya.

A gefen guntun maƙarfon akwai wani ɗan yankin buhu a shimfiɗe, ba kowa a kai. Malam ya nuna shi da yatsa.

"Wurin Babana ne," ta ce. "Ba ya nan, shi ya sa ban sa shi ba."

Malam bai taɓa kiran sunan Yahya ba, ko yana raye, don ɗan fari ne. Yaron nan yake cewa, ko wancan. Bayan rasuwar ko wannan ya daina. Abdulrashid yana kallonsa. Ya ga ya riƙe allon da hannu biyu, yadda mai shi ya riƙe ranar sauka.

"Kin san allon wa ne wannan?"

Ta girgiza kai.

"Na mai wurin nan ne."

Aina'u ta dubi allon, ta dubi yankin buhun. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa yatsa ta taɓa jan zayyanar, sannan ta mayar da hannunta cinya.

Malam ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Abdulrashid ya kama shi ta hammata, bai ture shi ba. Da ya miƙe ya sa allon a cikin riga, ya ce dole ya tafi da shi, wannan ba wurinsa ba ne. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta kalli zaurenta a buɗe, rana tana dukan 'yan makaranta.

"To, amarya," in ji Malam, "kin gina mini zaure, na kuma yaye miki rufi. Ba a bar miji a rana ba."

Ta ɗago da sauri. Ta yi kamar ba za ta amsa ba, can ta ce ita har yanzu ba ta auren mai furfura a kunne. Dokas ta kai bakin zani ta rufe fuska.

Malam ya juya ga ɗansa. Ya ce a yanka mata rufi, kuma kada a ɗauko daga shara, a samo katako mai kyau. Ya ce shi ma yana son 'yar kanta a bangon zaure, can sama inda gara ba ta kai ba, daidai faɗin rabin allo. Ya dubi bencin yara da ƙarfen sabis da amalanke, ya dubi akuyar Obed da murfin kwalba a bayanta. Ya ce wa Obed teburinsa yana bukatar ciyawa. Obed ya rasa inda zai shiga.

Abdulrashid bai motsa ba. Maganar kwashe kaya tana nan ba a janye ta ba, shi kuma ba zai roƙa ba. Malam ya kai bakin zaure sannan ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kafinta. Rumfar nan ta yi wa yaran kaɗan. Ka ƙara ta zuwa gindin durumi."

Ya shige.

Dokas ta fara shara, tana cewa in aka ƙara rumfa ita da itace sai a mafarki. Ƙananan yaran suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Sama'ilu ya zo ya tsaya kusa da Aina'u yana nuna mata shatin haƙoranta, ta ce masa ya je ya wanke.

Abdulrashid ya shiga bayan rumfa ya jawo falankin da ya ɓoye don aikin da ya fi kowanne, sabo, ba ƙulli a jikinsa ko ɗaya. Ya tsuguna ya auna zauren Aina'u da tef, tsawo da faɗi, yadda yake auna ɗakin Alhaji. Ya zana layi da fensir. Ya ce mata ta zo ta danne masa wancan gefen, kada ta bari ya motsa. Ta zo ta danne da hannu biyu, ta kuma ce ya yi a hankali kada ya karkace.

Ya sa zarto.